Mazaunin Manhaja da Laburare a Tsarin Jakunkunan Unix da Linux

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda babbar manhajar kwamfuta ke raba wa manhajoji da laburarori mazauni a cikin jakunkunanta. Fagen nazarin shi ne Unix da Linux, amma an leƙa macOS da Windows da Android inda kwatance ya buƙaci haka. An bi asalin rabuwar /bin da /usr/bin, da ƙa'idar FHS, da hanyar da ake bi a nemo laburare lokacin da manhaja za ta tashi, da haɗewar da gidajen Linux suka yi wa waɗannan jakunkuna daga 2012. Matsayin maƙalar shi ne iyakokin iri biyu ne. Akwai waɗanda ƙarancin faifai ya haifar, kuma rushe su daidai ne. Akwai kuma waɗanda ke nuna wanda alhakin fayil ke wuyansa, kuma a kansu lafiyar na'ura da tsaronta suka rataya.

1. Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe tushen jakunkunan Linux ya ga /bin da /sbin da /usr/bin da /usr/sbin, ga kuma /usr/local/bin can ciki, ba zai rasa tambayar abin da ya raba manhajoji gida biyar ba. In ya juya wajen laburare sai lissafin ya ƙara dagulewa: /lib, /lib64, /usr/lib, /usr/libexec, wani lokaci har da dogon adireshi irin /usr/lib/x86_64-linux-gnu. A azuzuwanmu akan ba ɗalibi jadawali ya haddace, a ce wannan jakar ta manhajojin dole ce, waccan ta mai kula da na'ura. Jadawalin ba ƙarya ya faɗa ba. Aibinsa shi ne yana ba kowace iyaka daraja ɗaya, alhali dalilan da suka kafa su ba ɗaya ba ne.

A nan, manhaja na nufin fayil ɗin da mutum ko wata manhajar ke kira ya yi aiki, kamar ls mai jera sunayen fayiloli. Laburare kuwa tarin ayyuka ne da aka rubuta sau ɗaya domin manhajoji da dama su ara, kamar zlib mai matse bayanai, ko OpenSSL mai ɓoye saƙo a intanet. Ƙunshi shi ne damin fayilolin da gidan Linux, misali Debian ko Fedora, ke rarrabawa, tare da rajistar inda kowane fayil zai sauka.

2. Yadda faifai ya yanke hukunci

Ken Thompson da Dennis Ritchie sun fara Unix a 1969 a Bell Labs ta Amurka, a kan PDP-7, sannan suka koma PDP-11. Faifan da suka samu ƙanana ne, kowane ɗaya bai kai megabait 3 ba. Na farko ya ɗauki babbar manhaja, na biyu aka jona shi a /usr, aka zuba jakunkunan masu amfani da na'urar. Da na farko ya cika sai kayan babbar manhaja suka malala cikin na biyu, aka buɗe musu /usr/bin da /usr/lib. Daga nan doka guda ta zama tilas: duk abin da ake buƙata kafin a jona faifai na biyu, musamman manhajar mount ita kanta, dole ya zauna a na farko. Rob Landley ne ya sake tono wannan tarihin a 2010, kuma tun daga lokacin ya zama abin kafa hujja a muhawarar.

Ashe ke nan bambancin /bin da /usr/bin bai taso daga nazarin darajar manhajoji ba. Wuri ne ya yi ƙaranci. Bayanin da muke koyarwa daga baya aka ɗora shi.

Sai dai /usr ta sami ma'ana ta biyu a ƙarshen shekarun 1980, kuma wannan ma'anar ce ta yi ƙarko. A lokacin kamfanin Sun yana sayar da kwamfutoci marasa faifai, waɗanda ke karanta manhajojinsu daga uwar garke ta hanyar NFS. Domin na'urori da yawa su yi tarayya a kan /usr guda, dole ta zama wurin karantawa kawai. Sai aka fitar da duk abin da ke canzawa, kamar rajistar aukuwa da wasiƙun da ke jiran aikawa, zuwa /var. A wannan zamanin ne kuma manhajojin gudanarwa suka bar /etc, inda suke zaune a Unix na bakwai na 1979, suka koma /sbin.

Linux ya gaji wannan duka, kowane gida da nasa salon, har aka fitar da ƙa'idar tsarin jakunkuna ta FSSTND a Fabrairun 1994 ƙarƙashin jagorancin Daniel Quinlan. Ita ce ta koma FHS a 1997. Siga ta 2.3 ta fito a 2004, ta 3.0 kuma a 2015. Abin da ya fi daraja a FHS tambayoyi biyu ne da take yi wa kowane fayil. Shin na'urori da yawa za su iya tarayya a kansa, ko na na'ura ɗaya ne? Shin yana canzawa yayin aiki, ko sai mai kula da na'ura ya taɓa shi? Manhaja da laburare ana tarayya a kansu, kuma ba sa canzawa, don haka /usr ce gidansu. A bisa waɗannan tambayoyin babu abin da ya raba ls da ke /bin da wata manhajar da ke /usr/bin. FHS ta riƙe rabuwar ne saboda ta tarar da ita.

3. Laburare ba ya ƙaura da sauƙi

A nan ne lamarin ya fi nauyi, kuma a nan ne littattafan koyarwa suka fi gaggawa.

Nemo manhaja abu ne mai sassauci. Idan mutum ya rubuta sunanta, sai a bi jerin jakunkunan da ke cikin PATH ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki ta farko da aka tarar. Kowa na iya sauya jerinsa. Laburare ba haka yake ba. A cikin fayil ɗin ls na kwamfuta mai x86-64 akwai adireshi da aka rubuta tun ranar da aka harhaɗa shi: /lib64/ld-linux-x86-64.so.2. Wannan shi ne mai lodi, wato ƙaramar manhajar da ke ɗora laburarori a ƙwaƙwalwa ta haɗa su da mai buƙatarsu. Kanel, wato zuciyar babbar manhaja, ba ya neman sa a ko'ina. Adireshin nan yake bi kai tsaye. Idan fayil ɗin ba ya nan, kusan babu manhajar da za ta tashi, har da cp da mv da za a so a gyara ɓarnar da su. Shi ya sa ko gidajen da ba sa ajiye laburarorinsu a /lib64, irin su Debian da Arch, dole su bar wannan sunan yana nuni zuwa inda mai lodin yake.

Da mai lodi ya tashi sai ya karanta sunayen da manhajar ke buƙata, misali libc.so.6. Yana fara duba adireshin da aka dasa a cikin manhajar da kuma LD_LIBRARY_PATH idan an sa su, sai ya duba rajistar /etc/ld.so.cache, wadda ldconfig ke ginawa, daga ƙarshe ya faɗa jakunkunan asali. Laburare ɗaya kuma sunaye uku gare shi. A Debian 12 ainihin fayil ɗin zlib shi ne libz.so.1.2.13. Sunan libz.so.1 nuni ne zuwa gare shi, kuma shi manhajoji ke riƙewa. Sunan libz.so, marar lamba, mai harhaɗa manhaja kaɗai ke buƙatarsa, shi ya sa yake zuwa a ƙunshi na daban. Lambar da ke cikin sunan libz.so.1 alkawari ce: muddin ba ta canza ba, ana iya sauya fayil ɗin da sabo ba tare da an taɓa manhajojin da ke aronsa ba. Idan alkawarin ya karye sai a canza lambar, kamar yadda libssl.so.1.1 ya koma libssl.so.3 da fitowar OpenSSL 3.0 a 2021, kuma su biyun suna iya zama a jaka ɗaya ba tare da rikici ba.

Rikicin ya bazu ne da zuwan AMD64 a 2003, wadda ke ba na'ura ɗaya damar gudanar da manhajojin bit 32 da na bit 64 tare. Laburarori biyu, suna ɗaya, jaka ɗaya: ba zai yiwu ba. Red Hat da SUSE suka bar /usr/lib ga tsofaffin, suka buɗe /usr/lib64 ga sababbin. Debian ta jinkirta, sannan ta zo da tsarin da kowane irin na'ura ke da jakarsa a ƙarƙashin /usr/lib, kamar x86_64-linux-gnu da aarch64-linux-gnu. Ya fara aiki a Ubuntu a 2011, ya shiga Debian 7 a 2013. A ganina na Debian ya fi tsari, domin na'urori ba iri biyu kawai ba ne a duniya, ko da yake ya sa masu rubuta manhaja ƙarin aiki. Windows ma ya fuskanci wannan matsala, kuma yadda ya fita daga cikinta ya nuna ƙarfin adireshin da aka riga aka dasa: saboda manhajoji da yawa sun haddace sunan System32, sai aka zuba laburarorin bit 64 a cikinta, aka kai na bit 32 jakar SysWOW64. An gwammace sunan ya ruɗar da mutane a kan manhajoji su daina aiki.

Akwai kuma manhajojin da ba mutum ke kiransu ba, wata manhajar ce ke kira. Misali sftp-server na OpenSSH: a Fedora yana /usr/libexec/openssh, a Debian yana /usr/lib/openssh. FHS ba ta amince da /usr/libexec a rubuce ba sai a siga ta 3.0. Wannan saɓani ne da bai cancanci dogon zance ba; abin da ake so kawai shi ne kada su shiga PATH.

4. Haɗewar /usr

Hujjar raba /bin da /usr/bin ta mutu ne a hankali. Tun zamanin Linux 2.6 ana tashin na'ura da initramfs, ɗan ƙaramin tsari da ake ɗorawa a ƙwaƙwalwa, wanda aikinsa shi ne ya nemo faifai ya jona shi. Ya karɓe aikin da tushen jakunkuna ke yi a da. Ban da haka, alkawarin cewa tushe zai tsaya da ƙafarsa ba tare da /usr ba ya daɗe da zama na baka. Manhaja tana zaune a /bin, laburaren da take aro yana /usr/lib. Ko kuma dokar gane na'urar da aka jona ta kira wani abu a /usr tun ba a jona ta ba. Babu mai gwada wannan a kai a kai, don haka ba a sanin ya lalace sai ranar da aka buƙace shi.

Solaris ta riga gidajen Linux mai da /bin nuni zuwa /usr/bin. Fedora 17 ta yi haɗewar a 2012: /bin da /sbin da /lib da /lib64 duk suka zama nuni zuwa takwarorinsu na cikin /usr. Arch ta ƙara gaba a 2013, ta tattara jakunkunan manhaja huɗu a /usr/bin, kuma Fedora ta bi sahu a siga ta 42 a 2025. Tsofaffin adireshi ba su ɓace ba, rubutun da ya fara da #!/bin/sh yana aiki kamar jiya.

Debian ce ta sha wuya, kuma wahalarta ta fi nasarar sauran koyarwa. Manhajar dpkg, mai riƙe rajistar ƙunshi, tana ɗaukar /lib/wani da /usr/lib/wani a matsayin fayiloli biyu, alhali bayan haɗewa abu ɗaya ne. Idan fayil ya tashi daga wani ƙunshi zuwa wani, a lokaci guda kuma ya sauya adireshi, dpkg na iya sauke sabon, sannan ta goge abin da take zaton tsohon ne, sai fayil ɗin ya ɓace. Kwamitin fasaha na Debian ya dakatar da irin wannan ƙaura na wani lokaci, kuma sai a Debian 12, a 2023, haɗaɗɗen tsari ya zama shi kaɗai ake tallafawa. Abin lura shi ne babu manhajar da ta damu da inda take zaune. Abin da ya girgiza shi ne rajistar da ke cewa wane ƙunshi ne ya mallaki wane fayil.

Masu adawa da haɗewar suna da magana guda mai nauyi: ƙaramin tushe mai zaman kansa yana da amfani ranar da babban faifai ya ƙi tashi. Gaskiya ne. Amma FreeBSD ta nuna hanyar da ta fi tsafta, inda ta ware /rescue ta zuba manhajojin da aka haɗe da laburarensu a jiki, ba sa buƙatar mai lodi. Wannan kayan ceto ne da aka gina domin ceto, ya fi a dogara da /bin wadda ba a tabbatar za ta tashi ita kaɗai ba.

5. Iyakar da ta cancanci tsaro

Idan aka cire gadon faifai, iyakokin da suka rage duk tambaya ɗaya suke amsawa: wa zai sabunta wannan fayil? Abin da ke /usr na gidan Linux ne, mai kula da ƙunshi ne kaɗai ya kamata ya rubuta a ciki. Abin da ke /usr/local na mai kula da na'ura ne, kuma FHS ta ce kada sabunta babbar manhaja ya taɓa shi. /opt ta kamfanonin waje ce, kowa da jakarsa. Mutum ɗaya kuma yana da ~/.local a gidansa.

Mu ɗauki abin da ke faruwa a ɗakin kwamfuta na kowace jami'a. Malami yana buƙatar sabuwar sigar wani laburare domin bincikensa, ya sauko da asalin rubutun, ya harhaɗa, ya girka. In bai ce komai ba, kayan za su sauka a /usr/local. A Debian zai gudanar da ldconfig, komai ya yi daidai, domin /usr/local/lib tana cikin jerin da ake dubawa. A Fedora ba ta ciki, sai manhajar ta ce ba ta ga laburaren ba, ga shi kuwa fayil ɗin yana nan. Sai wani ya ba shi shawarar ya girka kai tsaye a /usr. Manhajarsa ta tashi, ya yi murna. Amma ya danne fayil ɗin da rajistar ƙunshi ke ɗauka nata ne. Ranar da aka sabunta na'urar za a mayar da na gidan, aikinsa ya tsaya. Kafin ranar kuma wasu manhajojin suna aron laburaren da ba a gwada su da shi ba. Gyaran da ya dace layi ɗaya ne a /etc/ld.so.conf.d.

Ko a Debian ɗin ma akwai tarko. Tunda /usr/local/bin tana gaban /usr/bin a PATH, sigar da aka girka da hannu shekarun baya za ta ci gaba da rufe ta gidan, wadda ake ta toshe wa ɓaraka. Mai kula da na'ura ya sabunta, ya ɗauka ya gama, alhali tsohuwar ce ke aiki.

Manyan masu ƙera babbar manhaja sun gane cewa roƙo ba ya tsare wannan iyaka, sai suka sa mata makulli. Tun El Capitan a 2015, macOS ta hana ko mai cikakken iko rubutu a /System da /bin da /sbin da /usr, ta bar /usr/local a buɗe. A 2019 ta mai da babbar manhaja faifai na karantawa kawai. Android 8.0, a 2017, ta raba /system na babbar manhaja da /vendor na masu ƙera kayan waya, domin a iya sabunta ɗaya ba tare da jiran ɗayan ba. Masu Python ma sun bi: a Debian 12 da Ubuntu 23.04 pip tana ƙin zuba laburare a cikin Python na gidan, tana tura mutum ya buɗe nasa keɓaɓɓen wuri. Ɗalibai suna jin haushin wannan saƙo, amma na fi son su ji haushin a kan su lalata kayan aikin babbar manhaja da aka rubuta da Python.

6. Kowa da laburarensa

Tsarin Unix irin na tsohuwar kasuwa ne, layin 'yan tukwane daban, na 'yan tabarmi daban: ana jera kaya bisa irinsu, ba bisa mai su ba. Akwai masu ganin a juya lamarin. NeXTSTEP ta gadar wa macOS jakar .app, wadda ke ɗauke da manhaja da laburarenta wuri ɗaya. GoboLinux, wadda Hisham Muhammad ya fara a Brazil, tana ba kowace manhaja jaka a /Programs bisa suna da siga. Nix, wadda ta fito daga binciken digirin digirgir na Eelco Dolstra a Utrecht a 2006, tana ajiye komai a /nix/store, sunan kowace jaka yana farawa da lambar da aka lissafo daga duk abin da ya shiga gina ta, don haka siga goma na laburare ɗaya za su zauna ba tare da sun ga juna ba. Flatpak da Snap da Docker duk reshen wannan tunani ne.

Amfaninsa a fili yake: manhaja ba ta karyewa don an sabunta maƙwabciyarta. Farashinsa yana bayyana ne ranar da aka gano ɓaraka. Lokacin ɓarakar Heartbleed ta OpenSSL, a Afrilun 2014, na'urar da manhajojinta ke aron OpenSSL na gidan ta buƙaci sauya laburare ɗaya da sake tayar da ayyukanta. A 2023 da aka gano ɓaraka a libwebp, mai buɗe hotuna, sai aka tarar kwafinsa na kwance a cikin Chrome da Firefox da ɗimbin manhajojin da aka gina da Electron. Kowane kamfani sai da ya fitar da nasa gyaran, kowane mai amfani kuma ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya. Nix ta rage wannan matsala, domin ta san wace manhaja ke aron wane kwafi, amma gyara laburare na ƙasa yana jawo sake gina duk abin da ke kansa. Inda ake sayen data da tsada, kamar yawancin makarantunmu, wannan nauyi ne na gaske, kuma sabuntawar da ta yi nauyi ita ce ake ɗagawa zuwa wani watan.

Saboda haka ba na ganin tsarin kowa da nasa a matsayin magajin /usr/lib. Ya dace da manhajojin saman tebur masu saurin canzawa, da kayan kamfanonin da ba sa ba da asalin rubutunsu. Laburarorin da ke karɓar bayanai daga waje, na ɓoye saƙo da na buɗe hoto da na matse fayil, su ne suka fi cancantar zama wuri ɗaya ƙarƙashin gidan da ke bibiyar ɓarakarsu.

Giɓin da ya rage yana /opt da /usr/local. FHS ta faɗi wanda ke da ikon rubutu a cikinsu, ba ta tanadi rajistar abin da aka zuba ba, kuma apt ko dnf ba su san da kwafin laburaren da aka sauke da hannu ba. Mai kula da ɗakin kwamfuta zai iya rage wannan ta hanyoyi biyu masu sauƙi. Ya mai da duk abin da ya harhaɗa ƙunshi kafin ya girka, ko da shi kaɗai zai yi amfani da shi, domin ya shiga rajista. Sannan duk lokacin da aka sanar da ɓaraka a wani laburare, ya bincika /opt da /usr/local da sunan fayil ɗin, ya kuma gudanar da ldd a kan manhajojin da ya amince da su da ke can, ya ga ainihin kwafin da kowace ke ɗorawa.